Fuskar Wakil a Madubin Amarya

Hassana tana tsugune gaban kasko tana juya itacen turaren wuta a cikin narkakken sukari, sai ta ji sallamar Juliana daga zaure. Juliana ma'aikaciya ce a ofishin da ke neman mutanen da rikici ya raba da danginsu, kuma ba ta zuwa gidansu na unguwar Dawaki a Gombe don gaisuwa kawai.

Ya Bawa, mahaifiyar Hassana, ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali, ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Juliana ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Mama, ban zo in ce miki an same shi ba," in ji ta. "Ki riƙe wannan tukuna, sannan in nuna miki abin da na zo da shi."

Ta buɗe waya ta miƙa. Hoton wani tsoho ne a bakin gadon asibiti, ramamme, an aske masa kai, gemunsa fari fat. Ya ɗan kau da fuska daga mai ɗaukar hoton, kuncinsa da kunnensa na hagu ne suka fito sosai. Juliana ta ce manoma ne suka tsince shi a bakin gona a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Kamaru, suka kai shi wani ƙaramin asibiti. Ba ya faɗin sunansa. In ya buɗe baki, Barbarci yake yi, kalma ɗaya ko biyu, sai ya yi shiru. Wata mata da ke jinyar ɗanta a can ta dube shi ta ce ya yi mata kama da Wakil mai hoto.

Wakil shi ne mijin Ya Bawa. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu a Borno, ya ce su yi gaba shi zai rufe shago ya same su a hanya. Shekara goma ke nan da ɗoriya.

"Shi ne," in ji Ya Bawa nan take. Ta matso da wayar kusa da idonta. "Goshinsa ne wannan." Ta daɗe tana kallo. Can ta ce a hankali, "Amma hancin... Hassana, zo ki duba."

Hassana ta duba. Ba ta ga kowa ba sai wani tsoho da wahala ta cinye. Tana 'yar shekara goma sha uku aka rabu, kuma abin da ya rage mata na mahaifinta muryarsa ce da warin maganin wankin hoto a rigarsa. Fuskar kuwa, duk lokacin da ta nemo ta a ranta sai ta zame.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne an taɓa yin haka. Bara waccan sun tafi har Yola a kan irin wannan labari, suka tarar ba shi ba ne. Ya Bawa ta dawo jininta ya hau, ta kwanta wata da watanni, har yau hannunta na dama bai koma daidai ba. Likita ya faɗa wa Hassana a fili cewa ta kiyaye uwarta daga irin wannan girgiza.

"Shi ya sa ba na so ku kama hanya da zato," in ji Juliana. "Muna da likitan da ke gwada tsohon hoto da sabo. Ya ce fuska tana canzawa da yunwa da tsufa, amma kunne da zanen gado na fuska ba sa canzawa sosai. In ya ga alama, ofis zai shirya muku tafiya. Sai dai ranar Litinin asibitin zai miƙa mutumin wani gidan kula da masu taɓin hankali, can cikin ƙasar. In ya tafi, kai wa gare shi zai yi wuya. Kuna da hotonsa, ko guda ɗaya?"

Uwa da 'ya suka dubi juna. Mutumin da ya ɗauki hoton kusan kowa a garinsu, su ba su da nasa. Waɗanda ke bango sun ƙone tare da gidan.

Bayan Juliana ta tafi, Ya Bawa ta shiga ɗaki ta jawo wani babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Ranar gudu ta sure shi a duhun ɗaki tana zaton na 'yan kunnenta ne da sarƙa. Sai da suka kwana biyu a daji ta buɗe, ta ga finafinan hoto ne na mijinta, waɗanda aka riga aka wanke ya yanka ya adana. Ba ta yar ba. Ta ɗauko shi a ka har Gombe, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa shi.

"Ko yana ciki," in ji ta. "Amma duk inda za a kai shi, ƙafata ƙafarsa."

Washegari Hassana ta bi shagunan hoto na wajen Kasuwar Gombe ita kaɗai tana tambaya. Wasu ba su ma san abin da take nufi ba. Wani ya ce ta ɗora fim ɗin a gilashin taga ta ɗauka da waya. A shago na ƙarshe, wani dattijo mai hoton fasfo ya saurare ta har ta gama.

"Je ki unguwar Madaki ki nemi Mudathir," ya ce. "Saman bene yake, kusa da masu ɗinkin labule. A duk garin nan shi kaɗai ne ya sa dukiyarsa a wannan haukan."

Bayan azahar ta ɗauko mahaifiyarta a keke napep. Ya Bawa ta rungume gwangwanin a cikin mayafi, duk ramin da keken ya faɗa sai ta ƙara ƙanƙame shi. Hawan benen ma sai da suka tsaya ta huta.

Ɗakin Mudathir da sanyi, babu ko ƙura, kuma sai da suka cire takalma a ƙofa. A bango akwai manyan hotuna: duwatsun Tula da safe, masunta a Dadin Kowa, wata tsohuwa tana kaɗi da za ka iya ƙirga zaren da ke hannunta. Mudathir zai kai shekara arba'in, ɗan siriri mai tabarau. Iyayensa Kanawa ne, ya yi karatun zane a Zariya, kuma yawancin aikinsa na masu zane ne da masu hoto da ke aiko masa daga Jos da Abuja. Ya saurari Hassana bai katse ta ba. Sannan ya sa farar safar hannu, ya durƙusa gaban Ya Bawa.

"Mama, ki ba ni izini in buɗe?"

Ta kalle shi sosai kafin ta saki gwangwanin.

Da murfin ya tashi sai wani wari mai tsami ya fito. Hassana ta ga fuskar Mudathir ta canza. Na sama-sama a warware suke, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa kuwa danshin damina ya shige su, sun manne sun zama dunƙule guda, da farar fumfuna a gefe.

Ya jera na saman a kan wani tebur mai fitila a ƙarƙashin gilashinsa. A fim komai a juye yake, fuskoki sun yi fari-fari, fararen riguna sun yi baƙi. Hassana ba ta gane kowa ba. Ya Bawa kuwa ta sunkuya da gilashin ƙara girma a ido, tana kiran sunaye.

"Kande ce wannan, ga tsayuwarta. Wannan walimar ɗan liman ce. Wannan shagon mai gyaran rediyo ne." Muryarta ta yi ƙasa. "Duk sun watse."

Suka bi su kaf. Suna, biki, saukar karatu, 'yan ƙwallo, wani da sabon babur. Babu Wakil.

"Mai kyamara ba ya shiga hoto," in ji Mudathir. "Sai in wani ya karɓa ya ɗauke shi."

"Ba ya ba kowa," in ji Ya Bawa. "Ko ni."

Hassana tana kallon dunƙulen da ya rage. Fim ɗin da ke samansa ana iya ganin gefensa kaɗan: jeren kwanuka, da ƙafar gado. Sai wani abu ya faɗo mata.

"Ya, wannan ba ɗakin Amatullah ba ne?"

Amatullah 'yar wan Ya Bawa ce, an yi bikinta shekara guda kafin gudu. Hassana ta tuna ranar jere. Baba ya shiga ɗaukar ɗakin amarya, ita kuma ta laɓe a bayansa tana yi wa madubin sif gwalo. Ya ce mata, "Matsa, kina shiga hoton." In ita tana shiga, to shi ma yana ciki.

Mudathir ya cire tabarau ya goge. Ya ce zai faɗa musu gaskiya. Babu yadda za a raba finafinan nan a bushe, za su yage. Sai an jiƙa su a ruwan sanyi tatacce da ɗigon magani, a jira su saki da kansu. Amma hoton wata 'yar fata ce siririya a bayan roba, kuma fumfuna ta riga ta ci ta. Tana iya tsayawa, tana iya sulalewa ta bi ruwa.

"In ta bi ruwa, ba ni da yadda zan dawo da ita. Ba ni ba, ba kowa ba. In kuma an bar su haka, suna nan, amma ba mai ganin abin da ke ciki."

Hassana ta dubi dunƙulen. Ita ta kawo maganar madubi. In ba haka abin yake ba fa? In a wani bikin ne, ko Baba ya yar da wannan hoton saboda ta ɓata shi?

"Ya, ko mu bari?" ta ce.

Ya Bawa ba ta dube ta ba. "Ɗana, sa su a ruwan."

Ya kawo wani faffaɗan faranti mai zurfi, ya zuba ruwa, ya gwada sanyinsa, ya kwantar da dunƙulen a ciki. Aka zauna jira. Daga ƙasa ana jin kekunan masu ɗinkin labule. Aka kira la'asar, suka yi salla a nan kan darduma da ya ba su, Hassana ba ta san abin da ta karanta ba.

Da ya ga gefen ya fara buɗewa, Mudathir ya sa yatsa biyu ya ɗaga na farko a hankali. Ya taso. Hassana ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai ta ga launi yana zubowa daga jikinsa kamar an ɗiga shuni a ruwa. Kwanukan suka lanƙwashe, suka narke. Abin da ya rage a hannunsa roba ce garau.

Ya Bawa tana zaune a kujera, ba ta hango farantin sosai.

"Wa ya tafi?" ta tambaya.

"Kwanuka ne, Mama. Ba mutum."

Na biyu ya tafi da mutane. Hassana ta gan su da idonta, mata a jere da ɗaurin kallabi, suka gauraye suka zama ruwan ɗorawa. Ta dafe bakin teburin. Mudathir ya tsame hannunsa, gumi a goshinsa duk da sanyin ɗakin.

"Malama Hassana, zan iya tsayawa nan. In na tsame sauran yanzu na busar, wataƙila wani da ya fi ni kayan aiki a wani wuri ya gwada nan gaba."

"Kafin Litinin?"

"A'a."

Ta waiwaya ta dubi mahaifiyarta. Ya Bawa ta rufe ido, leɓunanta suna motsi, hannun nan mara ƙarfi yana kwance a cinyarta. Hassana ta tuna hanyar Yola, da yadda ta riƙa tallafe kan uwarta a mota a dawowa.

"Ci gaba," ta ce.

Ya zuba ƙanƙara a wani ruwa da ya kewaye farantin da shi, ya canza na ciki, ya ƙara jira. Na tsakiya danshi bai kai musu sosai ba. Na uku ya fito da rabinsa. Na huɗu ya fito lafiya, na biyar ma haka. Bai tsaya dubawa ba, ya rataye su a cikin wani ɗan kabad ya rufe.

"Ba a taɓa su sai sun bushe sarai. Ku dawo gobe da hantsi."

"Akwai madubin?" in ji Hassana.

"Na ga wani abu mai kama da sif. Ban ce miki ga abin da ke ciki ba."

A gida Ya Bawa ta ƙi cin abinci. Ta sa Hassana ta buɗe mata hoton tsohon da Juliana ta tura, ta kalla ta ce shi ne, ta kife wayar, ta sake ɗauka ta ce ba shi ba ne. Da safe Hassana ta auna mata jini, ta ga ya hau. Ta roƙe ta ta zauna a gida. Ya Bawa ta riga ta sa mayafi.

Sun tarar an ɗauke wuta a Madaki. Mudathir ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da fitilu don batir ya ishi kwamfuta da sikana, injin da ke kwafe fim zuwa cikinta, kuma ya ƙi buɗe taga saboda ƙura. Zafi ya cika ɗakin. Ya hure fim ɗin da wata 'yar roba, ya shimfiɗa shi a mariƙi, ya tura cikin injin. Ya ce a fim ɗin duk madubin bai kai ƙwayar gero biyu ba, don haka zai sa injin ya bi shi a mafi ƙanƙantar tafiyarsa, kuma hakan yana cin lokaci da wuta.

Injin ya fara ƙara a hankali. A kusurwa, akwatin batir yana ƙyafta jar fitila. Hassana ta kasa ɗauke ido daga fitilar.

"In ya mutu a tsakiya fa?"

"Sai mu jira wuta mu sake daga farko."

"In ba a kawo ba?"

"Zan nemo janareto a ƙasa. Ki zauna, Malama."

Ba ta zauna ba. Hoton ya riƙa saukowa a allon kwamfuta daga sama, layi bayan layi. Silin. Labule mai ruwan hoda. Saman sif. Ya danna wani abu, launuka suka juya suka koma daidai, sai ga ɗakin Amatullah kamar jiya aka jera shi, har da ledar da ba a cire wa katifa ba. A jikin sif ga madubi, a cikin madubin ga wani ɗan duhu.

Ya jawo wurin ya ƙara masa girma. Mutum ne da shuɗiyar riga, hasken filashi ya fashe a daidai kansa. Ba fuska, sai farin tabo.

Hassana ta zauna a ƙasa.

"Akwai na gaba," in ji Mudathir. "Ɗaki ɗaya ne, ya ɗauka sau biyu."

Akwatin batir ya fara kuka, tsit, tsit. Mudathir ya cire wayarsa daga caji, ya kashe wani allo na biyu da ke kunne, ya tura na gaban. Hoton ya gama sauka. A nan Wakil ya buɗe labule ya yi amfani da hasken taga, bai kunna filashi ba. Ya juya kyamarar a tsaye ya manna ta a ido ɗaya. Ta rufe rabin fuskarsa. Ɗaya rabin yana nan: ido a runtse, kunci da zanensa, kunne, da gefen baki kamar yana shirin yin magana. A bayan gwiwar hannunsa, ga rabin kan wata yarinya da harshe a waje.

Mudathir ya adana hoton a wuri biyu kafin ya ce komai. Bai daɗe da gamawa ba allon ya mutu.

Sai bayan azahar aka kawo wuta. Da hoton ya dawo allo, Hassana ta ga fuskar ba ta fito tas ba, tana da ɗan burji-burji kamar an zana ta da yashi.

"Malam, ba za ka iya gyara ta ba? A waya ma akwai abin da ke fito da tsohon hoto ya koma sabo."

"Akwai. Ni ma ina da shi a nan. Amma ba fito da fuska yake yi ba, ƙirƙira yake. Inda bai gani ba sai ya cike da kunnen wani, da idon wani. Zai ba ki kyakkyawan mutum, likitan kuma ya gwada tsohon can da wanda ba a taɓa haifa ba. Zan cire ƙura da tabon fumfuna inda ba su taɓa fuskar ba, in daidaita haske. Ban da wannan ba zan ƙara komai ba."

Sai ya sake duba allon, ya ce akwai wata matsala. Madubi yana juya dama ta koma hagu. Shi ma fim, in aka sa shi ta baya, haka yake yi. In aka yi kuskure, za a gwada kunnen dama da na hagu. Ya bi ɗakin amaryar lungu-lungu har ya samo wata kalanda a bango, a wajen madubin. Rubutunta yana karantuwa daidai. Ke nan fim ɗin yana zaune yadda ya kamata, madubin ne kaɗai ya juya. Ya lissafa da hannunsa a kan fuskarsa, ya sake lissafawa.

"Na hagu ne," ya ce. "Irin wanda ya fito a hoton asibiti."

Ya tura wa Juliana ta waya, ya rubuta mata bayanin madubin. Sannan ya zaro wata takarda mai kauri, ya ce da auduga aka yi ta, kuma tawadar ba ta koɗewa ko jikokin Hassana sun tsufa. Firinta ta daɗe tana kai da komo. Da takardar ta fito, ya bar ta ta sha iska, ya ɗora a kan allo mai faɗi ya kai gaban Ya Bawa.

Ba ta taɓa ba. Ta sa hannu a bayanta kamar mai tsoron ɓatawa. Ta yi wata magana da Barbarci, a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya a makare. Mudathir ya koma wajen injinsa ya ba su baya. Hassana kuwa tsayawa ta yi tana kallon gefen bakin nan. Ta san abin da zai faɗa, kuma ta ji shi da muryarsa.

Juma'a ta wuce ba labari. Asabar ma haka. Hassana ta ƙona turare kasko guda saboda duk ƙarar waya sai ta tashi da gudu. Ya Bawa ta haɗa kaya a jaka, har da wata sabuwar jallabiya ta maza da ta aika aka sayo, ta ajiye jakar a bakin ƙofa. Hassana ta sayo ƙarin maganin hawan jini ta ɓoye a tata jakar.

Ranar Lahadi da yamma Juliana ta zo, da kayan coci a jikinta. Ta zauna a tabarma, ta kama hannun Ya Bawa.

"Mama, ba shi ba ne."

Ta yi bayani a hankali. Ƙasan kunnen Wakil a sake yake, na tsohon a manne da fata. Zanen Wakil ya sauko har kusa da haɓa, na tsohon ya tsaya a tsakiyar kunci. Likitan ya ce ba ya shakka ko kaɗan.

Hassana ta matsa kusa da uwarta, tana kallon hannun nan, tana kallon bakinta ko zai karkace.

"Alhamdu lillahi," in ji Ya Bawa.

"Ya?"

"Tun ranar da na ga hoton nan ban yi barci ba. In na ce Allah ya sa shi ne, sai in ce ashe haka Wakil ya koma, yana yawo a gonakin mutane bai san sunansa ba. In na ce Allah ya sa ba shi ba ne, sai in ce to ina yake." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ban san wanne nake roƙo ba."

Sai ta yi kuka sosai, Juliana tana riƙe da ita. Hassana ta kawo ruwa da magani, ta auna jinin. Ya hau, amma bai kai na Yola ba.

Da ta natsu, Ya Bawa ta jawo jakar da ke bakin ƙofa, ta zaro jallabiyar ta miƙa wa Juliana.

"In akwai mai zuwa can, a kai masa. Shi wannan bawan Allah, wa ke nemansa?"

"Har yanzu ba kowa, Mama."

"Zanen da ya tsaya a tsakiyar kunci ba na garinmu ba ne. Na mutanen bakin tafki ne. Akwai su a nan Dawaki, akwai wasu a bayan kasuwa. Kin nuna musu?"

Juliana ta ce ba ta san su ba.

"Ni na san su."

Da safe, Hassana tana shara ta ga mahaifiyarta ta fito da mayafi da takalmi. Ta ce mata likita ya ce ta huta. Ya Bawa ta ce ta ji, ta ɗauko wayar kawai ta biyo ta, don ita ba ta iya buɗe hoton ba. Hassana ta jingine tsintsiya, ta sa hijabi, ta bi bayanta. Suka tsallaka kwata, suka shiga lungu na biyu, Ya Bawa ta tsaya a wata ƙofar langa-langa ta yi sallama da Barbarci. Daga ciki wata tsohuwa ta amsa, ta ce su shigo.